Tsinken Saƙa da Sauraron Littafi a Jirgin Ruwa

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malama. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mace ce mai shekara 58, ina zaune a Agege tun da aka kawo ni aure, kuma tun ina budurwa nake saƙa. 'Yata da ke aiki a Turai ta biya mana kuɗin yawon shaƙatawa na kwana bakwai a babban jirgin ruwa, wanda zai tashi daga Baselona a farkon watan Oktoba, ya tsaya a Marsai da Jenowa da Nafoli da Mesina da Malta, sannan ya komo inda ya taso. Biza ta fito, tikiti yana hannu. Sai dai surukata za ta haihu a Disamba in Allah Ya yarda, kuma na riga na fara saƙa wa jaririn farin shawul mai ado da tsinken ƙarfe, ina son in ƙarasa shi a tafiyar. Al'adata kuma ita ce ina saƙa ina sauraron littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube, domin idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Shin za a ƙwace mini tsinken a filin jirgi? Zare nawa zan ɗauka? Zan samu intanet a tsakiyar teku? Kuma jirin da ake cewa yana kama mutane zai bar ni in yi saƙa kuwa? Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba, ko na Ikorodu.

Daga wata mai karatu a Agege, Legas.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya yi wa wannan 'ya albarka, Ya sauki surukarki lafiya, Ya kai ku Ya dawo da ku cikin aminci.

Zan fara da abin da ba ki tambaya ba, domin shi ne zai warware rabin sauran tambayoyin. Duk wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba yana zaton kwana bakwai zai yi yana zaune yana kallon ruwa, ba shi da abin yi. Idan kika ƙirga garuruwan da kika lissafa, za ki ga biyar ne ban da Baselona, wato kwana biyar daga cikin tafiyar a tasha za su same ki. Irin waɗannan jirage da dare suke tafiya, su wayi gari a bakin wani birni, mutane su sauka su yi yawo, su dawo kafin yamma a sake ɗagawa. Wuni ɗaya tak za ku yi cur a kan ruwa, tsakanin Malta da Baselona. Saboda haka lokacin saƙarki na gaskiya shi ne bayan sallar asuba kafin a buɗe ƙofar sauka, da ɗan abin da ya rage bayan cin abincin dare idan ƙafa ba ta gaji ba, sai kuma wannan wuni guda. In kin samu awa biyu ko uku a rana, kin samu da yawa.

Daga nan amsar tambayar zare ta fito. Ki auna abin da kike cinyewa a mako guda a gida, ki ƙara dunƙule ɗaya a kai, ya ishe ki. Mu masu saƙa muna da halin cika akwati da zare don tsoron kada ya yanke, mu dawo da shi yadda muka tafi da shi, alhali ya cinye wurin tsaraba. Abin da ya fi yawan zare muhimmanci shi ne ki saye shi duka lokaci guda, a wurin mai shago ɗaya, ki kuma duba lambar rini da ke jikin takardar kowane dunƙule ki tabbata iri ɗaya ce. Zare biyu masu launi ɗaya da aka rina a tukunya dabam suna iya yin kama a cikin shago a Balogun ko Oshodi, amma da zarar an saƙa su a jere an fito hasken rana sai bambancin ya fito kamar an ja layi.

Game da shawul ɗin kuwa, shawarata ita ce ki bar shi a gida, kuma na san wannan ba za ta yi miki daɗi ba. Dalilina uku ne, kuma duk sun taru a kan abu ɗaya. Shawul mai ado aiki ne na ƙirge, kowane layi da lissafinsa, kuma kin fi ni sanin cewa ƙirge da sauraron labari ba sa zama a kai ɗaya: ko dai ki rasa inda labarin ya kwana, ko ki tarar kin tsallake idon saƙa biyu tun layi huɗu da suka wuce. Na biyu, fari ne, za ki kuma riƙa yawo da shi tsakanin teburin shayi da kujerun waje inda iskar teku ke barin danshin gishiri a kan komai. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi a wurina, aiki ne mai wa'adi. Idan kika ɗauke shi za ki riƙa jin cewa duk awar da kika yi kina kallon gari ko kina hira da 'yarki bashi ce a kanki, alhali yarinyar nan ta tara kuɗinta ne domin ta zauna da mahaifiyarta. Daga tsakiyar Oktoba zuwa Disamba akwai isasshen lokacin ƙarasa shawul a ɗakinki, a kan kujerar da kika saba. Ki ɗauki hular jariri da safarsa, ko ƙaramin bargo mai saƙa miƙaƙƙiya wadda hannunki ya haddace, irin wadda za ki iya yi idonki yana wani wuri. Za ki ga amfanin wannan sharaɗi na ƙarshe idan mun zo maganar jiri.

Yanzu ga tsinke. A jirgin ruwa da wuya a hana ki shiga da kayan saƙa. Matsalar tana filin jirgin sama. Hukumomin tsaron filayen jirage a Amurka da Birtaniya sun rubuta a fili cewa an yarda a shiga da tsinken saƙa a jakar hannu, amma ko'ina a duniya maganar ƙarshe tana bakin jami'in da ke tsaye a gaban na'urar bincike, kuma ba a jayayya da shi a ci riba. Ke kuma ba bincike ɗaya za ki wuce ba, tunda daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa Baselona akasari sai an yada zango a Kasabalanka ko Istanbul ko Faris, kuma a can ma ana iya sake buɗe jaka.

Ni kaina abin ya taɓa faruwa da ni a wani filin jirgi da na yada zango. Ina da rigar sanyi ta ɗan ƙanwata da na kai rabin baya, a kan dogayen tsinkayen ƙarfe biyu da na gada daga mahaifiyata. Jami'ar ta ɗaga su sama ta juya, ta gwada tsinin a tafin hannunta, ta girgiza kai. Na roƙe ta ta ba ni minti biyu, ta ba ni, amma ba ni da allura ko wani zare a kusa da zan tsare aikin da shi. Da hannuna na zare tsinken, ina kallon idanun saƙar nan fiye da tamanin suna tsaye babu abin da ya riƙe su, na naɗe rigar a hankali cikin ɗankwali. Kafin in isa masauki layi biyar sun warware. Rigar na gyara ta daga baya, amma tsinkayen mahaifiyata ban sake ganinsu ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Don haka ki sa tsinkayen ƙarfenki a cikin babban akwatin da za a auna, ko ma ki bar masu daraja a gida. Wanda za ki riƙe a jakar hannu ya kasance na gora ko na roba, kuma ya fi kyau ki samu irin gajerun nan biyu da aka haɗa da igiyar roba a tsakani, domin ba su da tsawon da zai tsorata jami'i, ba sa zungurar maƙwabcin kujera, kuma ɗaya ba ya faɗuwa ya gangara ƙarƙashin kujera. Kafin ki bar gida, ki zura wani zare mai launi dabam da allura ta cikin duk idanun da ke kan tsinken, ki ɗaure bakinsa. Idan aka karɓe tsinken, wannan zaren zai riƙe aikin har ki samu wani. Kwarashi bai cika jawo magana ba, kuma yana da kyau ki jefa ɗaya a jaka ko don ɗauko idon da ya zube. Almakashi kuwa, ƙa'idar Turai ita ce kada tsawon bakinsa ya wuce santimita 6. Mafi sauƙi ki riƙe abin yankan farce, yana yanke zare sarai.

Ina fatan 'yarki ta shirya muku isa Baselona kwana ɗaya kafin ranar tashi. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara, kuma wanda ya san yadda tafiya daga Legas take ba zai dogara ga sa'a ba. A ranar shiga, za a karɓi manyan akwatunanku tun a bakin tasha, a liƙa musu lambar ɗaki, kuma ba za ku sake ganinsu ba sai la'asar ko ma bayan magariba, domin akwatunan dubban mutane ake rabawa. Wasu daga cikin jiragen da ke bin wannan hanya sun haura mita 300 a tsawo, suna ɗaukar fasinja fiye da 5,000. Ɗakin ma ba lallai a buɗe shi da wuri ba. Saboda haka fasfo da magungunanki da caja da hijabin salla da ƙaramar jakar saƙa su kasance a hannunki. Awannin nan na jira, a layi da kuma a zauren cin abinci, suna daga cikin lokutan da saƙa ta fi yi wa mutum rana a duk tafiyar. Za a ba ki kati guda wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarki a ƙofar fita da shiga, shi ne kuma abin biyan kuɗi a cikin jirgi, don haka ki saƙa masa ɗan zare ki rataya a wuya tun kafin ya shige cikin dunƙulen ulu. Kada ki sa dutsen guga ko butar lantarki a kaya, haka ma wayar ƙarin soket da muke kira ekstenshan, domin yawancin kamfanoni suna karɓe su saboda tsoron gobara. Abin da za ki buƙata shi ne adafta, tunda soket ɗin ɗakunan na Turai ne mai rami biyu zagayayyu ko na Amurka, cajarmu kuwa mai ƙafa uku ce irin ta Ingila.

Akwai wani lokaci guda a wannan rana da nake roƙonki ki ajiye tsinke ki cire abin kunne gaba ɗaya, wato lokacin atisayen ceto. Za a nuna wa kowane fasinja wurin da zai taru idan wani abu ya faru, da yadda ake sa rigar ruwa, a kuma jiyar da ku ƙarar gargaɗi: gajerun busa bakwai da doguwa ɗaya. Wannan doka ta samo asali ne daga yarjejeniyar kare rayuka a teku da aka fara ƙullawa a 1914, bayan nutsewar Titanic a 1912. A da ana iya jinkirta atisayen har zuwa awa 24 bayan shigar fasinja, amma bayan jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya a ranar 13 ga Janairu, 2012, mutum 32 suka rasu, alhali waɗanda suka shiga a ranar ba a yi musu atisaye ba, sai aka mayar da shi wajibi kafin tashi ko da zarar an tashi. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba. Na kawo shi ne don ki san cewa mintunan nan kaɗan suna da dalili, kuma ko bayan atisayen, ki saba da sa iyafis a kunne ɗaya kawai idan kina wajen ɗaki, domin ki ji sanarwa.

Sai maganar jiri, wadda a nan ne saƙa da sauraro suke rabuwa. Abin da ke kawo tashin zuciya a jirgi saɓani ne tsakanin ido da kunne. A can cikin kunne akwai gaɓar da ke auna motsin jiki, ita tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana lilo, ido kuwa idan ya kafe a kan abin da ke hannu yana cewa babu abin da ke motsi. Wannan ne ya sa mai karanta saƙo a waya cikin motar haya daga Agege zuwa Obalende yake jin zuciyarsa tana tashi, direba kuwa lafiya lau. Karatun littafi da saƙa mai ƙirge suna ƙara wannan saɓani. Sauraro ba ya ƙara shi, domin yana barin idonki ya kalli can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, kuma wannan kallo shi ne maganin farko. Kin ga dalilin da ya sa na nace a kan saƙar da hannu ya haddace.

Manyan jiragen nan suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi, kuma a yawancin darare ba za ki ji komai ba sai ɗan kaɗawa kamar ana rarrashin yaro. Amma ki lura da darenku na farko. Hanyar Baselona zuwa Marsai tana ratsa wani yanki na Bahar Rum da ake kira Mashigin Liyon, inda wata iska mai sanyi da ƙarfi da Faransawa ke kira mistral take gangarowa ta kwarin kogin Ron ta faɗa teku, kuma idan ta taso ruwan wurin yana yin hauka. Ba kullum take busawa ba, amma idan kun dace da ita, kada ki yanke wa tafiyar hukunci da wannan dare. Ki ajiye saƙar, ki ci abinci mara maiƙo kaɗan, ki kwanta ki rufe ido ki kunna littafinki. Idan har yanzu ana iya zaɓen ɗaki, na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi kwanciya a kan na gaba ko na can sama. Ki tafi da busasshiyar citta, tana taimaka wa mutane da yawa. Akwai kuma ƙwayoyin hana jiri irin su Stugeron, waɗanda ake sha tun kafin a tashi, amma suna sa barci, kuma a shekarunki, musamman idan kina shan maganin hawan jini ko na ido, sai kin nuna wa likitanki tukuna. Tunda kin ce ko jirgin Ikorodu ba ki taɓa shiga ba, babu laifi wata Asabar ki sa a raka ki ki hau ɗaya daga can zuwa cikin gari. Ruwan lagun, wato tafkin Legas, bai kai teku ba, amma za ki fara sanin halin cikinki.

Intanet akwai shi a jirgi, ta tauraron ɗan'adam, kuma ya ƙara sauri tun da manyan kamfanoni suka fara komawa Starlink daga 2022. Sai dai sayar da shi ake yi, da tsada, kuma ƙaramin tsarin da aka fi saya sau da yawa na saƙonni ne kawai, ba ya ɗaukar bidiyo. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne layinki na gida. Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, waya tana iya kama wata hanyar sadarwa ta cikin jirgin da kuɗinta ya ninka na ƙasa sau da yawa, ta cinye abin da ke kan layin cikin ɗan lokaci ba tare da kin kira kowa ba. Da zarar kin shiga, ki danna alamar nan mai hoton ɗan jirgin sama, ki bar ta a haka.

Mafita ita ce ki sauke duk abin da za ki saurara tun kina Agege. Murya ba ta da nauyi: awa guda ta karatu mai kyawun sauti ba ta cika wuce megabayit 30 ba, wato awa 30 ba za su kai gigabayit ɗaya ba, kuma awa 30 sun fi ƙarfin tafiyarki har da zaman jirgin sama. Bidiyon YouTube ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba, ko da hoto ɗaya ne a tsaye ake karatu a bayansa, don haka ki sa wani daga cikin yaran gida ya zaɓa miki mafi ƙarancin ingancin hoto wajen saukewa, ko ya nemo miki karatun a matsayin murya zalla. Ki sani kuma cewa wasu manhajoji suna kulle abin da aka sauke idan an daɗe ba a haɗa su da intanet ba. Spotify, misali, tana son a leƙa aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne wannan: kwana biyu kafin tafiya, ki kashe data, ki buɗe kowane littafi ki saurari farkonsa da tsakiyarsa da babinsa na ƙarshe. Na ga wadda ta kai daren ƙarshe a teku, labari ya ɗauko zafi, ta tarar kashi na ƙarshe bai sauka ba.

Tunda maganar ta zo, ina da ƙorafi guda. Da yawa daga cikin littattafan Hausa da ake karantawa a intanet ba a nemi izinin marubutansu ba, kuma ko sisi ba ya isa hannunsu, alhali yawancinsu mata ne da suka yi rubutun tsakanin girki da raino. Idan kina da zaɓi, ki fifita tashoshin da marubuciya ta ba su izini ko take karantawa da bakinta. Gajerun labarai ma sun dace da irin wannan tafiya mai yawan katsewa, kamar na gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta, waɗanda ake karanta zaɓaɓɓunsu a rediyo. Ki koyi sa wa manhajar agogon kashe kanta bayan minti 20 ko 30, domin kaɗawar jirgi tana kawo barci da wuri, kada ki farka ki tarar an yi aure an haihu a labarin ba ki sani ba. Batirin ajiya na waya kuma a jakar hannu ake sa shi a jirgin sama, ba a yarda da shi cikin akwatin awo ba.

Idan kin fito saman jirgi da safe, ki nemi kujera a gefen da bango ya tare iska, ki sa mayafi mai kauri domin sanyin Oktoba a kan ruwa ya fi na hunturun Legas, ki kuma bar dunƙulen zaren a cikin jaka mai zuge, ki fito da bakinsa kawai. Na taɓa ganin dunƙulen wata dattijuwa ya faɗo daga cinyarta, iska ta kwashe shi yana birgima yana warwarewa tsakanin ƙafafun kujeru har ya kusa bakin ƙarfen kariya, wani ma'aikaci ya taka shi da ƙafa. Guntayen zaren da kika yanke ma ki tara su a jaka. Abin da muke saya a kasuwa muna kira ulu akasarinsa akirilik ne, dangin roba, kuma dokar ƙasa da ƙasa ta haramta jefa roba a teku tun 1988.

Kada ki ji kunyar fito da saƙarki a bainar jama'a. Saƙa da teku tsofaffin abokai ne. Matan masunta a tsibiran Birtaniya da Ayalan sun daɗe suna saƙa wa mazajensu rigunan ulu masu kauri domin gashin tunkiya yana riƙe ɗumi ko ya jiƙe, kuma kalmar jesi da yaranmu ke kiran rigar ƙwallo da ita sunan ɗaya daga cikin tsibiran nan ne da ya shahara da saƙa. Za ki yi mamakin yadda wata Ba'italiya ko Bajamushiya za ta matso ta ɗaga nata aikin ta nuna miki, ku fahimci juna ba tare da harshe ɗaya ba. Idan kun sauka a Malta, ki sa 'yarki ta kai ki inda ake sayar da leshin hannu na ƙasar, wanda ake saƙawa da ƙananan sanduna masu yawa a kan matashi. Mai saƙa irinki za ta ga abin da sauran masu yawo ba za su gani ba. Ki dai riƙa duba lokacin komowa da aka rubuta a bakin ƙofar sauka, ki tuna cewa a farkon Oktoba agogon waɗannan ƙasashe yana gaban namu da awa ɗaya.

TAMBAYA

Malama, ni ɗinkin hula nake yi a Idi-Araba. Wani maigidana ya ɗauke ni rakiya zuwa yawon jirgin ruwa na kwana huɗu daga birnin Daban na Afirka ta Kudu zuwa gaɓar Mozambik a watan Janairu. Zan iya tafiya da hular da nake ɗinkawa? Kuma na saba ina aiki ina jin tafsiri a waya.

Daga wani mai karatu a Idi-Araba, Legas.

AMSA

Malam, Allah Ya sa a je lafiya. Allurar ɗinki da zare ba su cika samun matsala ba, amma rezar da kuke yanke zare da ita ba za ta wuce bincike a jakar hannu ba, don haka ka bar ta ka riƙe abin yankan farce. Ɗinkin hula ya fi saƙa cin ido, tunda kowane ɗigo sai an dube shi, kuma Tekun Indiya a wannan gaɓa ya fi Bahar Rum motsi, ga shi Janairu yana cikin lokacin guguwar yankin. Ka yi ɗinkinka sa'ad da jirgi yake tsaye ko ruwa ya kwanta, idan ya fara tangaɗi ka soke allurar ka koma sauraro. Tafsirin ka sauke shi tun daga gida kamar yadda na gaya wa Hajiya a sama, ka kuma yi amfani da abin kunne, domin bangon ɗakunan ba shi da kauri. Wajen salla, kada ka dogara ga kamfas ɗin waya, ƙarfen jirgi yana rikita shi. Talabijin ɗin ɗaki yana nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba, ma'aikatan teburin karɓar baƙi ma za su taimaka maka ka gane alƙibla.

Abin da ya fi hula gaggawa shi ne takardunka. Afirka ta Kudu ba ta wasa da katin rigakafin cutar shawara ga wanda ya fito daga Najeriya. A watan Maris na 2012 ta mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesbag a kan wannan kati. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka ka je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa tun yanzu ka karɓi na gaskiya da hannunka, kada ka ba wani ɗan tsakani. Kuma tunda jirgin zai fita zuwa Mozambik ya komo Daban, ka gaya wa maigidan naka ya tabbatar bizar da za a nema maka mai shiga fiye da sau ɗaya ce, ya kuma kai takardar jadawalin jirgin tare da sauran takardu ranar da za a miƙa su.